Babi na Shida: Lissafi a Tsakiyar Hanya

A shekarar 1955 wasu mutum biyu a cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka, masanin lissafi Ted Harris da wani janar mai ritaya Frank Ross, suka rubuta wa rundunar sojin saman ƙasar rahoton sirri a kan layin dogon Tarayyar Sobiyat. Sun zana taswirar layukan da suka tashi daga yammacin Sobiyat zuwa ƙasashen gabashin Turai, mahaɗa 44 da layi 105, kowane layi da nauyin kayan da zai iya ɗauka. Abin da sojoji suke son sani a fili yake: waɗanne layuka ne in aka datse su kayan yaƙi za su daina wucewa? Lissafin ya nuna musu wata maƙura mai ɗaukar tan 163,000. Shekara guda bayan haka, a 1956, Lester Ford da Delbert Fulkerson suka tabbatar da ƙa'idar da ke bayan wannan lissafi, kuma a shekarar ce Peter Elias da Amiel Feinstein da Claude Shannon suka iso gare ta ta wata hanyar. Ƙa'idar ta ce iyakar abin da zai iya kwarara daga wani wuri zuwa wani daidai yake da faɗin maƙura mafi ƙunci da ke tsakaninsu. Ka zana layi ya raba taswira biyu, mai aikawa a ɗaya ɓangaren, mai karɓa a ɗayan, ka haɗa ƙarfin duk hanyoyin da layin naka ya ratsa. Ka gwada duk yankan da zai yiwu. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakarka, kuma ana iya cimma wannan iyaka cif.

Da aka zo gina hanyoyin sadarwar kwamfuta, da wannan tunani aka shigo. Tun daga ARPANET a 1969 har zuwa intanet ɗin da ke hannunmu, ana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshi, a miƙa shi ga na'urar rauta. Ita rauta aikinta uku ne: ta karɓa, ta ajiye na ɗan lokaci, ta tura gaba. In ana so ƙunshi ɗaya ya je wurare da yawa tana iya kwafarsa. Amma ba ta taɓa abin da ke cikinsa. Yadda ya shigo haka zai fita, kamar taragon kaya. Shekara talatin ana kan haka, kuma ba wanda ya ga dalilin tambaya, domin tsarin yana aiki, kuma idan mai aikawa ɗaya ne mai karɓa ɗaya ne, ƙa'idar Ford da Fulkerson ta riga ta ce babu wata dabarar da za ta wuce turawa kawai.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da masu karɓa suka fi ɗaya, kuma duk saƙo iri ɗaya suke jira.

Malam-buɗe-littafi

A watan Yulin 2000 wata maƙala ta fito a mujallar ƙa'idar bayanai ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, ɗauke da sunayen mutum huɗu: Rudolf Ahlswede da Ning Cai daga Jami'ar Bielefeld ta Jamus, da Shuo-Yen Robert Li da Raymond Yeung daga Jami'ar Sinawa ta Hong Kong. A cikinta akwai wani ɗan zane mai tasha bakwai da layi tara, wanda saboda siffarsa ake ce masa malam-buɗe-littafi. Zan roƙi mai karatu ya ɗauki biro ya zana shi, don wannan zane a hannu yake shiga kai.

A sama ka sa tushe, mai saƙo biyu, x da y. Daga tushe layi biyu suka sauko, ɗaya zuwa tashar hagu, ɗaya zuwa tashar dama. A can ƙasa akwai masu karɓa biyu, na hagu da na dama. Tashar hagu tana da layi kai tsaye zuwa mai karɓa na hagu, tashar dama ma tana da nata zuwa na dama. Waɗannan su ne gefen fikafikan. Bayan haka kowace tasha tana da layi na biyu da ya nufi tsakiya, inda su biyun suka haɗu a wata mahaɗa. Daga mahaɗar nan layi guda tak ya sauka zuwa wata tasha ta ƙasa, wadda ta rabu biyu zuwa ga masu karɓan nan. Kowane layi saƙo ɗaya yake iya ɗauka a daƙiƙa ɗaya. Kowane mai karɓa kuwa yana son x da y duka.

In ka rufe mai karɓa na dama da hannunka ka dubi na hagu shi kaɗai, hanya biyu ce gare shi waɗanda ba su haɗa layi ba, saboda haka zai iya samun saƙo biyu a daƙiƙa. Haka shi ma na dama. To, a gwada ba su tare. Tushe ya tura x hagu, y dama. Mai karɓa na hagu ya samu x ta layin gefe, na dama ya samu y. Yanzu x da y sun iso mahaɗar tsakiya a tare, ga layi ɗaya a gabansu. In mahaɗa ta tura y, na hagu ya cika, na dama kuwa an maimaita masa abin da yake da shi. In ta tura x, labarin ya juya. Duk yadda aka tsara zirga-zirgar, ko da an raba lokaci an yi ta karɓa-karɓa, abin da turawa za ta iya ba su duka biyun bai wuce saƙo uku a daƙiƙa biyu ba, wato ɗaya da rabi a daƙiƙa.

Abin da mutanen nan huɗu suka ce shi ne mahaɗa ta daina zaɓa, ta haɗa saƙonnin biyu da lissafi ta tura sakamakon. Lissafin da ake nufi shi ne wanda masu kwamfuta ke kira XOR: a jera lambobin saƙo biyu, inda suka yi daidai a rubuta 0, inda suka saɓa a rubuta 1. A ce x shi ne 1011, y kuma 0110. Gaurayensu zai zama 1101. Tsawonsa bai ƙaru ba, lamba huɗu ce kamar kowannensu, don haka layin tsakiya zai ɗauke shi ba tare da wahala ba. Shi kaɗai wannan 1101 ba ya gaya wa kowa komai. Amma mai karɓa na hagu yana riƙe da 1011. Ya sake yin XOR tsakanin 1011 da 1101, sai ga 0110, wato y. Na dama yana riƙe da 0110, ya yi nasa da 1101, sai ga 1011, wato x. Ƙunshi ɗaya ya ratsa layi ɗaya ya biya wa mutum biyu buƙatu daban-daban. Kowannensu ya samu saƙo biyu a daƙiƙa, iyakar da zai samu ko da shi kaɗai ne a hanyar.

Wannan ita ce fasahar da aka sani da netwok kodin, wato gauraya bayanai a cikin hanyar sadarwa. Maƙalar ba ta tsaya ga zanen ba. Ta tabbatar da cewa a kowace irin hanya, idan tushe ɗaya yana aika saƙo ɗaya ga masu karɓa ko nawa ne, in dai an bar tashoshin tsakiya su yi lissafi, ana iya ba kowa da kowa saƙon a gudun da maƙurar wanda ya fi ƙarancin hanya a cikinsu ta yarda. Wani ba ya cin rabon wani. Dalilin kuwa shi ne abin da taswirar layin dogo ta ɓoye mana: ba a iya narkar da tarago biyu su zama ɗaya a tsakiyar hanya sannan a raba su a tasha, amma ana iya yi wa lambobi haka, saboda mai karɓa ba ainihin ƙunshin yake buƙata ba, shaidar da za ta ishe shi ya gano abin da ke ciki yake buƙata.

Ni abin da ya fi taɓa ni a wannan labari shi ne sauƙin lissafin. XOR ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1980 ake amfani da shi wajen kare bayanai a faifan ajiya, ta yadda in faifai ɗaya ya lalace a dawo da abin da ke kansa daga sauran. Duk ɗalibin kwamfuta na shekarar farko ya san shi. Abin da ya hana a gani shi ne an riga an yanke wa tashar tsakiya aikinta, ba a sake komawa an duba hukuncin ba.

Daga zane zuwa aiki

Hujjar shekarar 2000 ta nuna abin yana yiwuwa, amma ba ta nuna yadda injiniya zai gina shi ba. A 2003 aka samu amsoshi a jere. Li da Yeung da Cai suka nuna cewa ba a buƙatar wani lissafi mai zurfi a tashoshi: ninkawa da tarawa sun isa. Kowace tasha ta ninka ƙunshin da suka shigo mata da wasu lambobi, ta tara su, ta tura. Ralf Koetter da Muriel Médard suka mayar da matsalar gaba ɗaya ta zama ta aljabara, ta yadda tambayar ko mai karɓa zai iya warware saƙo ta koma tambayar ko wani jadawalin lambobi yana juyuwa.

Don a ga abin da mai karɓa yake yi, a ɗauki wani wanda bai je kasuwa ba amma yana son sanin farashin gero da dawa. Maƙwabcinsa ya ce masa ya sayi mudu biyu na gero da mudu ɗaya na dawa a kan naira 4,000. Wannan bai ishe shi ba. Wani ya zo ya ce shi mudu ɗaya na gero da ɗaya na dawa ya saya a kan 2,500. Nan take ya cire na biyu daga na farko: gero 1,500, dawa 1,000. Ba wanda ya faɗa masa farashin ko ɗaya, amma ya sani. Da na biyun bai zo ba, wani ya zo da labarin mudu ɗaya na gero da uku na dawa a kan 4,500, da shi ma ya wadatar. Wanda ba shi da amfani kawai shi ne mai cewa ya sayi mudu huɗu na gero da biyu na dawa a kan 8,000, domin labarin farko ne ya ninka, bai ƙara komai ba. Haka abin yake a hanyar sadarwa. In an gauraya ƙunshi 32, mai karɓa yana buƙatar gauraye 32 waɗanda ba maimaicin juna ba ne, ko waɗanne ne, ta ko wace hanya suka zo, a ko wane jeri. Sai ya warware su da tsohuwar hanyar nan ta Gauss da ake koya a darasin aljabara.

Akwai wata ƙaramar matsala: in ana ta ninkawa da tarawa, lambobi za su yi ta kumbura har su fi ƙarfin ƙunshi. Maganinta ya zo daga aikin Évariste Galois, matashin Faransa da ya rasu a 1832 yana da shekara 20. Akwai tsarin lissafi rufaffe mai lambobi ƙayyadaddu, inda duk abin da ka tara ko ka ninka ko ka raba yana nan cikin tsarin. Wanda aka fi amfani da shi yana da lambobi 256, daidai da abin da bayit ɗaya ke ɗauka. Bayit ya shiga lissafi, bayit ya fito.

Saura tambaya mai nauyi: wa zai zaɓa wa kowace tasha lambobin da za ta ninka da su? In sai an samu wani shugaba da ya san taswirar hanya gaba ɗaya, to aikin ya mutu tun a takarda, domin hanyoyin gaske kullum cikin canzawa suke, layi ya yanke, waya ta matsa, wata ta shigo. A nan ne Tracey Ho, tana ɗalibar digirin digirgir a MIT, tare da Médard da Koetter da David Karger da Michelle Effros, suka kawo amsar da a ganina ita ce ƙashin bayan fannin: kowace tasha ta zaɓi lambobinta da ka, ba tare da ta shawarci kowa ba. In tsarin lambobin yana da girma, da wuya a yi rashin sa'ar samun gauraye biyu masu maimaita juna. A tsarin 256, idan saura gauraye ɗaya mai karɓa ya cika, yiwuwar wanda aka ƙirƙira masa da ka ya zama maimaici ɗaya ce cikin 256. In ma hakan ta faru, sai ya jira na gaba.

To ta yaya mai karɓa zai san lambobin da aka yi amfani da su, bayan ƙunshin ya bi ta tashoshi da yawa kowace ta yi nata gaurayen? Philip Chou da Kamal Jain na sashen bincike na Microsoft tare da Yunnan Wu suka ba da dabarar a 2003: a raba saƙo rukuni-rukuni, a gauraya 'yan rukuni ɗaya kawai da juna, kuma kowane ƙunshi ya ɗauki lambobin gaurayensa a goshinsa. Duk tashar da ta sake gaurayawa, lissafin da ta yi wa cikin ƙunshi shi za ta yi wa goshin, sai ya iso yana faɗin gaskiyar abin da ke cikinsa. Kuɗin wannan kaɗan ne. Rukuni mai ƙunshi 32 yana buƙatar bayit 32 a goshi, a kan ƙunshi mai bayit 1,400 wannan bai kai kashi uku cikin ɗari ba.

Inda iska ce hanya

Zanen malam-buɗe-littafi na wayoyin da aka shimfiɗa ne, amma inda dabarar ta fi samun gindin zama shi ne a sadarwar iska. Dalili biyu ne. Na farko, in na'ura ta yi magana a iska duk maƙwabtanta suna ji. Na biyu, ƙunshi yana yawan ɓata.

A ɗauki na'ura biyu da suka yi wa juna nisa, sai ta hannun wata ta tsakiya suke gaisawa. A tsohon tsari musayar ƙunshi ɗai-ɗai tana cin zango huɗu: ta farko ta aika wa ta tsakiya, ta biyu ta aika mata, sannan ta tsakiya ta isar da wannan, ta isar da wancan. In ta tsakiya ta yi XOR ta watsa sau ɗaya, kowace ta cire nata ta samu na 'yar'uwarta, an sauko zuwa zango uku. A 2006 Sachin Katti da Dina Katabi da abokan aikinsu suka gina wannan a kan na'urori 20 a MIT, suka sa wa tsarin suna COPE. Sun sa kowace na'ura ta riƙa sauraron abin da ke wucewa ko da ba nata ba ne, ta ajiye, ta sanar da maƙwabta abin da ta ji, don mai turawa ya san abin da zai iya gaurayawa. Ribar da suka auna ta bambanta ƙwarai, daga 'yan kashi kaɗan cikin ɗari zuwa ninki da yawa, gwargwadon cunkoso da irin zirga-zirgar. A shekarar ce kuma Shengli Zhang da Soung Chang Liew da Patrick Lam a Hong Kong suka ƙara matsawa: a bar na'urorin biyu su yi magana lokaci ɗaya, siginoninsu su haɗu a iska, ta tsakiya ta karanta gaurayen kai tsaye daga abin da a da ake ɗauka karo ne. Zango biyu ke nan.

Batun ɓacewar ƙunshi shi ne wanda nake so mai karatu ya fi riƙewa. A ce tashar sadarwa tana watsa bidiyo ga wayoyi uku, ƙunshi na ɗaya da na biyu da na uku. Wayar farko ta rasa na ɗaya, ta biyu ta rasa na biyu, ta uku ta rasa na uku. A tsohon tsari kowace sai ta kai kuka ta faɗi lambar abin da ta rasa, tasha ta sake aikawa sau uku. Da gauraye, tasha ta haɗa ukun ta watsa sau ɗaya. Kowace waya tana da biyu, ta cire su, na ukun ya fito. In kuma da ka aka zaɓi lambobin gaurayen, tasha ba ta ma buƙatar sanin wanne kowa ya rasa. Ta san nawa suka rage kawai, ta ci gaba da zuba sabon gauraye har kowa ya ce ya cika.

Wanda ya san fannin zai ce ai wannan ba sabo ba ne, lambobin gyaran kuskure na Reed da Solomon tun 1960 suke, kuma lambobin da Michael Luby ya fitar a 2002 suna ba mai aikawa damar ya yi ta zuba gauraye ba iyaka. Gaskiya ne. Bambancin yana tsakiyar hanya. A waɗancan, tushe ne kaɗai ke gaurayawa, mai karɓa ne kaɗai ke warwarewa. A netwok kodin tashar tsakiya tana iya sake gauraya abin da ya iso mata ba tare da ta warware shi ba, ko da rabin rukunin kawai take da shi. Ga abin da wannan ke haifarwa. A ce saƙo zai bi zango biyar, kowane zango yana zubar da ƙunshi ɗaya cikin goma. In tashoshi turawa kawai suke yi, asarar tana taruwa: 0.9 sau biyar a ninke ya ba da kusan 0.59, wato cikin ƙunshi ɗari 59 ne za su isa. In kowace tasha tana cike gurbin da ya ɓata da sabon gauraye daga abin da ta tara, gudun saƙo zai tsaya kusa da 0.9, na zango mafi rauni shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa zama inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa ya san cewa tazarar 59 da 90 ita ce tazarar kiran da ya yanke da wanda aka gama.

Abin da ya hana shi mamaye intanet

Bayan duk wannan, manyan rautocin da ke ɗauke da intanet har yau turawa suke yi. Ya kamata a faɗi dalili ba tare da kwana-kwana ba.

Akwai jinkiri: mai karɓa ba ya iya buɗe rukuni sai gaurayen da ya tara sun isa, don haka babban rukuni yana sa jira, ƙarami kuma yana rage riba. Akwai nauyin lissafi, wanda ke cin batirin ƙaramar na'ura, kuma yake da tsada a rautar da ke tura miliyoyin ƙunshi a daƙiƙa. Akwai kuma haɗarin guba. A tsohon tsari gurɓataccen ƙunshi kansa kaɗai yake ɓatawa. A nan kuwa in mugu ya saka gauraye na ƙarya guda ɗaya, duk tashar da ta haɗa shi da wasu ta yaɗa shi, har rukunin ya lalace a hannun kowa. An samar da hanyoyin sa hannu na lissafi da ke tsira daga gaurayawa, amma su ma da kuɗinsu. Lokacin da Christos Gkantsidis da Pablo Rodriguez na Microsoft suka gabatar da Avalanche a 2005, tsarin rarraba manyan fayil tsakanin kwamfutoci da gauraye don kada a maƙale ana neman guntun da ya yi ƙaranci, Bram Cohen, wanda ya ƙirƙiri tsarin rarraba fayil na BitTorrent, ya soki aikin a bainar jama'a, kuma BitTorrent ya ci gaba da zamansa ba tare da gauraye ba.

Amma babban dalilin ya fi waɗannan zurfi. Kyakkyawar ƙa'idar 2000 ta tushe ɗaya ce mai aika abu ɗaya ga mutane da yawa. Yawancin zirga-zirgar intanet kuwa ba haka take ba: miliyoyin mutane ne, kowa da abokin maganarsa da saƙonsa daban. A wannan yanayi lissafin ya yi tauri. A 2005 Randall Dougherty da Chris Freiling da Kenneth Zeger suka gina wata hanya wadda ninkawa da tarawa ba sa kai ta ga iyakarta, ko da wane tsarin lambobi aka ɗauka. Sannan Zongpeng Li da Baochun Li sun nuna cewa in layuka masu kai da komowa ne, ana iya raba ƙarfinsu ta kowace fuska, ribar gauraye wajen aika wa mutane da yawa ba ta wuce ninki biyu. Wanda ya yi wa masu kamfanin sadarwa alƙawarin ninka musu hanya da wannan fasaha ya yi gaggawa. A ganina darajarta ta gaske ba ta yawan abin da take ƙarawa a layi mai lafiya ba ce. Tana wajen da abubuwa ke ɓata, inda take sauke wa tsari nauyin bin diddigin kowane ƙunshi da sunansa.

Shi ya sa ɗaya daga wuraren da tunanin ya fi yin amfani ba a zata ba tun farko: rumbunan ajiyar bayanai. Alexandros Dimakis da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka lura cewa gyaran rumbu matsalar sadarwa ce. A ce an yanka fayil gida huɗu, an gauraya, an ajiye guntu biyu-biyu a kan na'ura huɗu, ta yadda kowace biyu daga cikinsu sun isa a dawo da fayil ɗin. Ɗaya ta mutu. Hanyar da aka saba ita ce sabuwar na'ura ta sauko da guntu huɗu, ta warware fayil ɗin duka, ta ƙirƙiri nata biyun. Suka nuna cewa in kowace daga ukun da suka rage ta gauraya guntayenta biyu ta aiko da ɗaya, guntu uku sun wadatar. An rage kashi ɗaya cikin huɗu a wannan ɗan misali, kuma ragin yana ƙaruwa in na'urorin sun yi yawa. A cibiyar da faifai ke mutuwa kullum, wannan zirga-zirgar gyara ba ƙaramin kaya ba ce.

Tambayar masu magana bibbiyu kuwa tana nan a buɗe. A 2004 Li da Li suka yi hasashen cewa in layuka masu kai da komowa ne, kuma kowane mai aikawa mutum ɗaya yake nufa, gauraye ba ya ƙara komai a kan turawa mai kyakkyawan tsari. Ba a tabbatar da hasashen ba, ba a kuma rushe shi ba. Nauyinsa ya wuce sadarwa. A 2019 Kasper Green Larsen na Jami'ar Aarhus ta Denmak da abokan aikinsa suka nuna cewa in hasashen gaskiya ne, to akwai ƙasan da babu wata da'irar kwamfuta da za ta sauka ƙarƙashinsa wajen ninka manyan lambobi biyu. A shekarar ce kuma David Harvey da Joris van der Hoeven suka fitar da hanyar ninkawa wadda yawan matakanta yake girma daidai da wannan ƙasan.